Jinkirin da Ba a Ji: Ɗan Adam da Tazarar Lokaci Wajen Sarrafa Na'ura Daga Nesa

A ƙarshen shekarun 1940, a cibiyar bincike ta Argonne da ke kusa da birnin Chicago a Amurka, wani injiniya mai suna Raymond Goertz ya ƙera hannun ƙarfe wanda ma'aikaci zai riƙa ɗaukar sinadaran nukiliya da shi yana tsaye a bayan katanga mai kauri, yana kallon aikinsa ta gilashi. Igiyoyin ƙarfe ne suka haɗa mariƙin da ke hannun ma'aikacin da yatsun da ke can ciki, saboda haka duk motsin da ya yi yana isa nan take, nauyin abin da ya ɗauka kuma yana dawowa tafin hannunsa nan take. Irin dangantakar maƙeri da awartakinsa ce: maƙerin ba ya jin cewa awartaki ya riƙe, jan ƙarfen da ke bakin awartakin yake ji ya riƙe. Matsala ta fara ne ranar da aka maye gurbin igiyar ƙarfe da saƙon lantarki, aka kuma ƙara nisa tsakanin mutum da na'ura, domin daga ranar lokaci ya shiga tsakanin niyya da sakamako.

Wani kaso na wannan jinkiri babu dabarar da za ta kawar da shi. Haske da saƙon rediyo suna tafiyar kusan kilomita 300,000 a sakan guda, a cikin wayar gilashi ta intanet kuwa gudun yana sauka zuwa kusan kilomita 200,000. Ke nan tazarar kilomita 1,000, kwatankwacin tafiyar mota daga Kano zuwa Legas, tana cin milisakan 5 a zuwa, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Tauraron ɗan'adam na sadarwa da ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 yana cinye kusan rubu'in sakan kafin saƙo ya hau ya sauko, kuma tunda dole umarni ya je hoto ya dawo, mai sarrafawa zai jira kusan rabin sakan kafin ya ga abin da hannunsa ya yi. Zuwa wata da dawowa ya ɗan haura sakan biyu da rabi. Zuwa duniyar Mars kuwa, zuwan kaɗai yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke a falakinsu. Sauran jinkirin ƙirar mutum ce: kyamara tana buƙatar lokaci ta ɗauki hoto, kwamfuta ta matse shi, wata ta warware shi, allo ya nuna shi, injin kuma ya amsa umarni.

Abin da ya sa wannan ɗan lokaci yake da tasiri sosai yana cikin yadda jikin mutum kansa yake aiki. Jikinmu ma yana da nasa jinkirin, domin daga ganin abu zuwa motsa yatsa mutum yana cin kusan milisakan 200 zuwa 250. Da a ce ƙwaƙwalwa tana jiran ido ya tabbatar mata da kowane motsi kafin ta ba da umarni na gaba, da babu wanda zai iya cafke ƙwallo ko ya kai loma baki cikin nutsuwa. Abin da take yi shi ne hasashe: duk lokacin da ta aika umarni ga tsoka, tana kuma lissafa abin da ya kamata ido ya gani da abin da ya kamata fata ta ji, da kuma lokacin da ya kamata su iso. Idan abin da ya dawo ya dace da hasashen, sai ta karɓe shi a matsayin aikinta. Idan ya saɓa, sai ta ɗauke shi a matsayin abin da ya fito daga waje.

A shekarar 1999 Sarah-Jayne Blakemore da Chris Frith da Daniel Wolpert sun nuna wannan a Landan ta hanyar gwaji mai sauƙin fahimta. Kowa ya san mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli. Sai suka haɗa wata na'ura wadda mutum zai motsa da hannun hagu, ita kuma ta shafa masa soso a tafin hannun dama. Da babu jinkiri, mutanen ba su ji wani cakulkuli na kirki ba. Da aka saka jinkiri na milisakan 100, 200 da 300 ba tare da an sanar da su ba, sai cakulkulin ya riƙa ƙaruwa, alhali hannunsu ne dai yake yin aikin. Ma'ana, ƙasa da sulusin sakan ya isa ƙwaƙwalwa ta fara kallon aikin hannunta kamar na baƙo. Tun a 1950 Bernard Lee ya gano makamancin haka a magana: idan aka dawo wa mutum da muryarsa a kunne bayan kusan milisakan 200, sai ya fara in'ina, yana jan kalmomi yana maimaita gaɓoɓi, ko da kuwa shi mai fasahar baki ne. Duk wanda ya taɓa jin amsa-kuwwar muryarsa a waya ya ɗanɗana wannan.

Idan aka tambaya wane jinkiri ne mutum yake iya lura da shi, babu amsa guda, kuma a nan gizo yake saƙa. Masu bincike da ke aiki da kamfanin Microsoft sun nuna a 2012 cewa mai jan hoto da yatsa a kan allo yana iya bambance jinkirin da bai kai milisakan 10 ba, domin idonsa yana ganin hoton yana bin yatsan a baya, wato tazarar lokaci ta koma tazarar wuri. Wanda ya danna maɓalli yana jiran amsa kuwa, duk abin da ya zo cikin kusan milisakan 100 yana ganinsa tamkar nan take ne. A hirar waya, Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ba da shawarar kada jinkirin zuwa ya wuce milisakan 150, ta kuma ɗauki abin da ya haura 400 a matsayin wanda bai dace ba. Dalilin shi ne gibin da mutane ke bari tsakanin mai tambaya da mai amsa ɗan kaɗan ne, kusan milisakan 200 a harsuna daban-daban da aka auna, don haka ƙarin rabin sakan ya isa mutum biyu su riƙa cin karo a magana, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya yi shiru ne da gangan. Abin lura a nan shi ne mutane ba su cika cewa layi yana da jinkiri ba. Sai su ce abokin magana ne ba ya mai da hankali.

Bayan haka akwai sabo, wanda a ganina shi ne sashen da ya fi cancantar a tsaya a kansa. A 2006 David Eagleman da abokan aikinsa sun sa mutane suna danna maɓalli, haske yana bayyana bayan milisakan 135, aka maimaita har suka saba. Daga nan sai aka riƙa kawo hasken da wuri ba zato. Sau da yawa mutanen sun ce hasken ya riga dannawar tasu, alhali bayanta ya zo. Ƙwaƙwalwar ta riga ta gyara agogonta, ta shafe jinkirin daga abin da mutum yake ji, har ta kai ga juya jerin sanadi da sakamako. Wannan baiwa ce babba, domin ita ce take ba yaro damar ci gaba da sarrafa gaɓoɓinsa yayin da suke tsawo. Amma ga mai sarrafa na'ura daga nesa tana da illa ɓoyayyiya: jin jinkirin yana gushewa, jinkirin kansa yana nan. Hoton da yake gani tarihi ne, kuma idan yaro ya ɓullo a gaban motar da yake tuƙawa daga ofis, sabon da ya yi ba zai rage ko taƙi guda daga tazarar da motar za ta ci kafin birki ya kama ba. Sabo yana taimakawa ne wajen abin da mutum ya shirya yi da kansa, ba ya taimakawa wajen abin da ya zo masa kwatsam.

Yadda jinkiri yake lalata aiki yana da siffa sananniya. Mutum ya karkata sitiyari, bai ga canji ba, sai ya ƙara. Umarnin farko da na biyu suka isa tare, na'urar ta wuce inda ake so. Sai ya juya da ƙarfi don ya gyara, gyaran ma ya makara, ta sake wucewa ta ɗaya gefen. Kowane gyara yana isowa ne daidai lokacin da zai ƙara wa kuskuren ƙarfi. Wannan bai tsaya ga aikin nesa ba. Ranar 26 ga Oktoba 1977, a gwajin sauka na biyar na kumbon Enterprise a sansanin Edwards da ke California, matuƙi Fred Haise, wanda yana cikin mutum ukun da suka tsira a tafiyar Apollo 13, ya sami kansa yana kokawa da jirgin a dab da ƙasa, jirgin yana sunkuyawa yana ɗagowa har ya yi tsalle a kan titin sauka. Binciken da ya biyo baya ya ɗora babban kaso na laifin a kan jinkiri na kusan rubu'in sakan tsakanin sandar da ke hannunsa da amsar jirgin. Ƙwarewa ba ta kare shi ba. Hasali ma wannan tarko ya fi kama mai zafin nama a lokacin da ya fi ƙoƙarin daidaita abu daidai wa daida, kuma shi ya sa ƙa'idar sojan Amurka ta jiragen sama ta nemi kada jinkirin ya wuce kashi ɗaya cikin goma na sakan a jirgin da za a ce tuƙinsa ya yi kyau.

Idan na'urar tana mayar da nauyi da tauri zuwa hannun mai sarrafawa, lamarin ya fi muni. Ido zai iya ganin tsohon hoto mutum ya yi hukunci ya ƙyale shi, amma turin da ya makara yana shiga hannu kai tsaye, hannun ya motsa ba da son mai shi ba, motsin kuma ya koma umarni sabo. William Ferrell na jami'ar MIT ya nuna a tsakiyar shekarun 1960 cewa kaso kaɗan na sakan ya isa ya sa hannun mutum da na na'ura su shiga karkarwar da ke ƙaruwa. Shi ne kuma ya bayyana dabarar da kusan kowa yake faɗawa cikinta da kansa idan jinkirin ya yi tsawo: a motsa kaɗan, a tsaya, a jira hoto, sannan a sake motsawa. Dabarar tana aiki, sai dai lokacin kammala aiki yana ƙaruwa daidai da tsawon jinkirin da yawan tsayawar.

Direbobin Lunokhod 1, motar da Tarayyar Sobiyet ta saukar a kan wata a Nuwamba 1970, da wannan dabarar suka yi aiki daga wata tasha a yankin Kirimiya. Mutum biyar ne a kan aiki lokaci guda: shugaba, direba, mai lissafin hanya, injiniya, da mai kula da eriya. Jinkirin saƙo shi ne ƙaramar matsalarsu, domin kyamarar ba hoto mai motsi take aikowa ba, hoto guda ne yake zuwa ya tsaya na sakanni da yawa, wani lokaci har kusan 20, kafin wani ya maye gurbinsa. Direban yana ganin dutse ko rami, ya ƙiyasta nisansa, ya riƙa ƙirga a zuci yayin da motar ke tafiya cikin wurin da bai gani ba tukuna. A haka suka yi tafiyar kilomita 10 da rabi a cikin kusan wata 10. A Mars ko wannan ba zai yiwu ba. Lokacin da Perseverance, motar binciken hukumar sararin samaniyar Amurka NASA, ta sauka a can ranar 18 ga Fabrairu 2021, saukar ta ɗauki kusan minti 7, saƙo kuwa yana ɗaukar kusan minti 11, wato kafin labarin fara saukar ya iso an riga an gama. Injiniyoyin da ke kula da ita daga birnin Pasadena na California suna shirya umarnin yini guda ne su aika, motar kuma ta riƙa zaɓar hanyarta tsakanin duwatsu da kanta.

Daga nan ake iya ganin wani abu da ya saɓa wa zato. Jinkirin minti goma bai cika yaudarar kowa ba, domin babu wanda zai yi tunanin riƙe sitiyari a kansa; girmansa yana tilasta a sauya tsarin aikin gaba ɗaya. Jinkirin milisakan 20 kuma ba ya hana yawancin ayyuka. Haɗarin ya taru ne a tsakiya, daga kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan zuwa sakan ɗaya ko biyu, inda jinkirin bai kai ya sa mutum ya haƙura da tuƙin kai-tsaye ba, amma ya kai ya lalata shi. Mafi yawan abubuwan da ake ƙoƙarin sayarwa a yau, tuƙin mota daga nesa da tiyata daga nesa da sarrafa manyan injinan haƙar ma'adinai, a bakin wannan yanki suke zaune.

Sojojin Amurka sun amince da wannan iyaka a aikace. Jiragensu marasa matuƙi samfurin Reaper ana iya tuƙa su daga sansanoni irin Creech da ke jihar Nevada ta tauraron ɗan'adam, da jinkirin da ya haura sakan guda. A can sama, inda jirgi yake shawagi kuma kwamfuta take riƙe da daidaitonsa, ana iya jure wannan. Tashi da sauka kuwa, shekaru da yawa ana barin su ne ga wata tawaga da ke filin jirgin, wadda ke magana da jirgin kai tsaye ta rediyo, domin iskar da ta bugi fiffike a dab da ƙasa ba ta jiran saƙo ya je sararin samaniya ya dawo. Wannan yana cikin dalilan da suka sa jirgin da ake cewa ba shi da matuƙi yake buƙatar sansani da mutane kusa da inda yake aiki, irin wanda Amurka ta gina a Agadez ta kuma fice daga cikinsa a 2024. Akwai kuma gefen da ya fi nauyi a zuciya: wanda yake shirin harba makami yana kallon abin da ya riga ya wuce ne, kuma wanda ya shigo wurin cikin wannan tazara bai bayyana a allonsa ba tukuna.

A fannin lafiya, misalin da aka fi sani shi ne na ranar 7 ga Satumba 2001, lokacin da Farfesa Jacques Marescaux yana New York ya cire matsarmamar wata mata mai shekara 68 da ke kwance a Strasbourg ta Faransa, da na'urar tiyata mai suna Zeus. Jinkirin ya tsaya a kusan milisakan 155, kuma kusan rabinsa ba nisan teku ba ne ya jawo shi, matse hoton bidiyo da warware shi ne. Kafin ranar tawagar ta yi gwaje-gwaje ta tsayar da kusan milisakan 330 a matsayin iyakar da za ta yarda da ita. Abin da masu ba da labarin suke yawan tsallakewa shi ne cewa kamfanin France Télécom ya keɓe musu layi na musamman wanda jinkirinsa ba ya hawa ba ya sauka, kuma akwai likitoci a tsaye a gefen matar da za su karɓi aikin idan layin ya yanke. Nasarar ta dogara ne ga tabbacin layin fiye da saurinsa.

Wannan batu na tabbaci ya fi muhimmanci fiye da yadda tallace-tallacen kamfanonin sadarwa suke nunawa. Ƙwaƙwalwa tana iya koyon jinkirin da ya tsaya wuri guda, amma ba ta da abin da za ta koya daga jinkirin da yanzu yake milisakan 60, an jima 400, sannan ya koma 90. Hanyoyin sadarwar wayar salula da intanet na gama-gari haka ɗabi'arsu take, musamman idan cunkoso ya yi yawa ko na'ura tana ƙaura daga wata eriya zuwa wata. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 5 a cikin milisakan 300. Saboda haka matsakaicin jinkiri, wanda shi ake bugawa a takardar talla, ba shi ne ma'aunin da ya dace ba. Abin tambaya shi ne mafi munin jinkirin da layin yake kaiwa, sau nawa yake kaiwa can, kuma me na'urar za ta yi da kanta a wannan lokacin. Wasu injiniyoyi suna ƙara jinkiri da gangan domin su daidaita shi a wuri guda, kuma ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi.

Akwai dabarun rage illar. A 1993 masu bincike na Jamus ƙarƙashin Gerd Hirzinger sun sarrafa hannun na'ura mai suna Rotex da ke cikin kumbon Columbia daga tasharsu ta ƙasa kusa da Munich, da jinkirin sakan 5 zuwa 7, har suka cafke wani ƙaramin abu da ke yawo a cikin akwatin gwajin. Sun yi haka ne da zanen kwamfuta wanda yake nuna inda hannun da abin za su kasance idan umarni ya isa. A 2015 ɗan sama jannati Andreas Mogensen, yana tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ya sa wata na'ura da ke Holan ta cusa ƙarfe a matsattsen rami yana jin taurin a hannunsa, duk da jinkirin da ya kusa sakan guda, albarkacin lissafin da ke hana karkarwar da Ferrell ya bayyana. Sai dai kowace dabara da farashinta. Lissafin da ke hana karkarwa yana dusashe abin da hannu ke ji, ƙarfe ya zama kamar roba. Zanen hasashe kuma yana iya hasashen na'ura ne kawai, wadda aka san nauyinta da ɗabi'arta. Ba ya iya hasashen jijiyar da za ta fashe ko akuyar da za ta tsallaka titi, kuma da yake yana amsa hannu nan take, yana ƙara wa mai aiki jin cewa babu jinkiri.

Shi ya sa ban yarda a mai da shaidar mai sarrafawa ta zama ma'auni ba. Idan likita ko direba ya ce bai ji wani jinkiri ba, gaskiya ya faɗa game da abin da ya ji, amma abin da ya ji ƙwaƙwalwarsa ta riga ta gyara shi. Abin da ya kamata a auna shi ne yawan kuskure, da tsawon lokacin aiki, da gajiyar da ke taruwa bayan awanni, domin riƙe tsohon hoto a ido da sabon lissafi a zuci aiki ne mai cin ƙarfi ko da mutum bai san yana yinsa ba. Ya kamata kuma na'urar ta riƙa auna jinkirin da kanta, ta nuna shi a fili, ta rage gudu ko ta tsaya idan ya wuce iyaka, ta kuma adana lissafinsa, saboda idan haɗari ya faru mai bincike ya iya raba makarar mutum da makarar layi. In ba haka ba laifin zai faɗa kan wanda yake riƙe da sanda, tunda shi ake gani.

Horo ma yana buƙatar kula ta wani gefen da ba a cika tunawa da shi ba. A wani gwaji da Douglas Cunningham da abokansa suka wallafa a 2001, mutane sun koyi bi da ɗan jirgi tsakanin shingaye a allon kwamfuta da jinkirin milisakan 235 har suka ƙware, sannan aka cire jinkirin, sai aikinsu ya lalace, suka riƙa juyawa da wuri suna cin karo. Ke nan cire jinkiri ma sauyi ne da hannu yake buƙatar lokaci ya koya. Likitan da ya yi atisaye a kan layi mai jinkirin 200 sannan aka ba shi mai 80 ranar tiyata, ko ma'aikacin da ke sauyawa tsakanin injin da ke kusa da wanda ke nesa a cikin yini guda, kowannensu yana buƙatar ɗan lokacin gwaji a kan ainihin layin da zai yi aiki da shi kafin ya taɓa mara lafiya ko ya ɗaga kaya a kan mutane.